Shinkafar Alhaji da Teburin Baba

Teburin Baba shi ne na farko idan ka shigo layin mahauta a kasuwarmu ta Adjamé. Katako ne mai kauri, tsakiyarsa ta lotsa saboda sara, a gefensa kuma akwai kututturen da ake fasa ƙashi. Tun kafin a haife ni yake tsaye a wurin. Da sassafe Baba yakan dawo daga mayanka da rabin sa, wani lokaci sa guda, kafin la'asar ya wanke teburin ya kife sikeli. Da wannan tebur aka biya hayar ɗakinmu a Bromakoté, da shi aka sa ni makaranta, da shi aka yi jinyar Inna har Allah Ya karɓi abarsa.

Shanun da Baba yake yankawa na Alhaji ne. Ƙauyensu ɗaya a Nijar, kuma a bayan babbar mota guda suka shigo Abidjan suna samari, kowa da tabarmarsa. Baba ya kama wuƙa, Alhaji ya kama dillancin shanu. Shekaru suka tura, Alhaji ya zama mai kawo shanu daga arewa da kuɗinsa, ya gina bene a Treichville, Baba kuwa yana nan a ɗakin haya da teburinsa. Ban taɓa jin Baba ya yi ƙorafi a kan wannan ba. Abin alfaharinsa ma shi ne kullum da hantsi direban Alhaji yakan zo ya karɓi naman gidan, kuma Baba da hannunsa yake ware masa tsoka mai kyau tun kafin kowa ya taɓa. Yakan ce wa maƙwabtansa, “Alhaji ba shi cin naman kowa sai nawa.”

Ni ban gaji wuƙa ba. Na yi makaranta iya abin da ya sawwaƙa, na fito da Faransanci a baki da Hausa mai ɗingishi, na nemi aikin ofis har takalmina ya cinye. Da abin ya ƙi, Baba ya kai ni wurin Alhaji, Alhaji ya sa ni a sabon abin da ya buɗe a wajen tashar jiragen ruwa. Ɗakin sanyi ne, muna ce masa firigo. Jirgi yakan kawo kwantena cike da kwalayen nama daskararre daga ƙasashen da ban san su ba sai a taswira, mu kuma mu sauke, mu jera, mu loda wa masu saye. Kowa a Abidjan kartan yake kiran wannan nama. Akwai wutsiya, akwai ƙafar sa, akwai hanta da ƙoda, duk sun yi tauri kamar bulo. Nakan shiga da rigar sanyi biyu a garin da mutane ke zufa a inuwa.

Ranar da na fara kawo wa Baba labarin, dariya ya yi. Ya ce wa zai ci naman da bai san ranar da aka yanka shi ba? Na ce akwai rubutun Larabci a jikin kwalin da ke nuna yankan Musulunci ne.

“Rubutu na yanka?” in ji shi. “Bar su, ɗana. Mutum na ganin jini da idonai ya tahi ya sai ƙanƙara?”

Mutum kuwa ya je ya sayi ƙanƙara. Ba zan zagi matan da suka saya ba, don na san abin da ke cikin ƙullin zaninsu. Shanu suna ta tsada, saboda hanyar arewa ta cika da shingaye da fargaba, kowace mota sai ta zubar da kuɗi a hanya kafin ta iso. Kartan kuwa ta ruwa yake zuwa, babu mai tare shi a daji, ba ya rama a hanya, ba ya mutuwa, ba ya wari idan bai ƙare yau ba. Masu dafa abinci a gidajen cin abinci su suka fara juyawa, don su miya suke sayarwa, kuma miya tana rufa wa nama asiri. Daga nan matan gida suka bi. Wadda ta saba sayen kilo a wurin Baba sai ta zo ta sayi ɗan ƙashi don ƙamshi, ta gaishe shi da kunya, ta wuce da ledar kartan a ƙasan kwandonta. Baba yana gani, ya yi kamar bai gani ba.

Da farko shagunan kartan a bakin titi suke, nesa da layin mahauta. Sai wani tsohon mahauci ya rasu ba shi da magaji a sana'ar, kwana kaɗan muka ga an turo farar firiza an girke a inda teburinsa yake, an ja waya, an tsayar da wani saurayi da zarto. Ta Alhaji ce. A al'adar layin, tebur ba a sayar da shi. Idan mai shi ya mutu ko ya koma gida, sarkin fawa, wato shugaban mahautan, shi ke miƙa wurin ga ɗan mamacin ko ga wanda ya koyi sana'a a hannunsa. Wannan karon sarkin fawa ya miƙa wa Alhaji, don Alhaji ne ya yi hidimar jana'izar tsohon daga likkafani har kabari.

Abin ya tsaya mini a rai, domin ni na san abin da su ba su sani ba. Ni nake ganin yawan kwantenar da ke shigowa. Na ga sababbin firizoji jere a bayan firigo, ko ledarsu ba a cire ba, kuma ba sai an gaya mini inda za a kai su ba. Sa'annan a tashar jirgi na koyi wani abu. Masu dako a can kowace ƙabila akwai, da Mosi da Jula da Bawule da mu, ba wanda ya haɗa ƙauye da wani, ba wanda mai kaya ya raɗa wa ɗansa suna. Idan mai kaya ya rage musu lada, babu dogon zance. Wani ya ce, “On travaille pas,” ba ma aiki, sai kowa ya nemi inuwa ya zauna. Nama kuwa ba ya jiran rana. Na sha ganin mai kuɗi da ƙaton ciki yana lallashin mai dako da takalmin roba. A can kowa ya san wane ne mai kaya, wane ne mai ƙarfi, kuma ba wanda yake jin kunyar faɗi.

Sai na ɗauko wannan karatu na kawo layin mahauta. Na bi su tebur tebur bayan la'asar suna wanke wuƙaƙe. Na ce musu har yanzu Alhaji yana buƙatarsu, don shanunsa ta hannunsu suke zama kuɗi. Idan suka haɗa baki suka ce firiza ba za ta shiga cikin layi ba, ta tsaya a bakin titi inda take, dole ya ji. Ba a ce ya daina kasuwancinsa ba. Abu ɗaya ake nema, a bar tebur ya ci gaba da zama na mahauci. Na yi mamaki da suka saurare ni. Wani ya ce rabonsa da ya sayar da cinya guda a yini ɗaya har ya manta. Wani ya ce ɗansa ya bar shi ya tafi tura amalanke a tashar mota. Har sarkin fawa ya yarda ya yi kuskure, ya ce za a je a gaya wa Alhaji, shi da bakinsa zai faɗa. Baba bai hana ni ba, kuma a wurin Baba wannan babban goyon baya ne.

Rigimar ta taso ne a kan lokacin zuwa. Na ce a same shi a firigo ranar aiki, a tsaye, a faɗi magana a juyo. Sarkin fawa ya kalle ni kamar na zagi uwarsa.

“A tsaye? Alhaji za mu tare a tsaye kamar masu bin shi bashi? Babba gidanai aka iske shi, bayan Juma'a.”

“Ranka ya daɗe, bayan Juma'a ai lokacin abinci ne,” na ce.

“To mi?”

“To in an ci ba a iya magana. Aƙalla a faɗi abin da ya kai mu kafin a kawo kwano.”

Dattawan suka yi ta girgiza kai. Wani ya ce ba a shiga gidan mutum da ƙara a baki tun ba a sha ruwansa ba. Wani ya ce ƙin cin abincin mutum ai yanke zumunci ne, kuma ba faɗa za mu je ba. Suka ce a bari a ci, a yi addu'a, zuciya ta yi sanyi, sai a shigo da maganar a hankali. Na san yadda za ta ƙare, amma ni ne ƙarami a wurin, kuma ko tebur ba ni da shi.

Ranar Juma'a muka cika woro-woro, motocin hayar da ake haɗa kuɗi a shiga, muka haye gada zuwa Treichville. Dattawan sun ci ado da manyan riguna masu ƙamshin adaka, ba ka cewa su ne ke kokawa da ƙashi da sassafe. A masallacin unguwar muka yi salla, sahu ɗaya da Alhaji, kafaɗarsa tana gugar ta Baba. Da aka sallame ya riƙe hannun Baba har ƙofar gidansa.

Ko zama ba mu gama yi ba aka shigo da butoci da tasoshin wanke hannu. Bayansu manyan farantai na shinkafa, miya ta jiƙa ta, nama a sama kamar an yi gayya. Alhaji ya zauna a ƙasa tare da mu, ya naɗe hannun riga, ya tsoma hannu a farantin da Baba da sarkin fawa suke. Ya ɗauko tsoka ya tura gaban Baba.

“Ci abinka,” ya ce. “Naka ne na sahe. Wallahi duk garin ga babu mai hannunka.”

Na ga fuskar Baba ta saki. Alhaji ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya tambayi wannan jikin matarsa da aka yi wa aiki, kuma kowa ya san wanda ya biya asibitin. Ya tambayi wancan ko ɗansa ya fito daga hannun 'yan sanda lafiya. Ya ba da labarin ranar da motarsu ta lalace a hanyar zuwa Abidjan, shi da Baba suka raba ƙullin gari ɗaya. Ya ce ya aika da kwanon rufi don masallacin ƙauye. Aka yi ta “Allah Shi saka,” ana ta loma. Ba na cewa ƙarya yake yi, don duk abin da ya ambata ya yi shi. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, babu inda zan kama shi.

Aka ɗauke farantai, aka kawo goro. Na zuba wa sarkin fawa ido. Ya gyara murya, ya gyara hula, ya dubi tabarma.

“Alhaji, mun zo ne dai... mun zo gaisuwa. Da kuma godiya bisa hidimar da ka yi wa mamacinmu.”

Na jira ko wani zai ɗora. Babu wanda ya ɗora. Sarkin fawa har ya ɗaga hannu zai fara addu'a. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce ba gaisuwa ce kaɗai ta kawo mu ba, maganar firiza ce, na ce idan ta shiga layi ta cinye tebura, iyayenmu ba su da wurin zuwa. Zuciyata tana tafasa, Hausar ta gudu ta bar ni, rabin maganar da Faransanci ta fita. Baba ya juyo ya yi mini kallon da rabona da shi tun ina yaro.

“Ina zaune kana magana?” ya ce. “Rufa mini baki.”

Alhaji bai yi fushi ba. Da ma ya yi, da na ji daɗi. Dariya ya yi har da riƙe ciki, ya ce yaran Abidjan ke nan, Hausarsu ma sai an sa ta a rana ta narke kafin a gane ta. Dattawan suka taya shi dariya, dariyar mutanen da aka sauke wa kaya daga ka. Sa'annan ya dube ni da fara'a.

“Ɗana, in ni ban kawo kartan ba, wani za shi kawowa, wanda bai san ubanka ba. Gara ni. Ai duk mu ɗaya ne.”

Aka shafa fatiha. A ƙofa ya sa aka ba kowa kuɗin mota. A hanyar komawa babu wanda ya yi mini magana, sai da muka sauka a Adjamé wani dattijo ya ce in je in ba ubana haƙuri, na kunyata shi a gaban mutane. Na yi zaton ranar Litinin za a kore ni daga firigo. Ba a kore ni ba. Na sa rigunan sanyina, kuma aikin farko da aka ba ni a makon shi ne ɗora firizoji a mota.

Daga nan abin ya tafi yadda na faɗa, kuma ban ji daɗin zama mai gaskiya ba ko kaɗan. Wanda ya gaji da asara sai ya je wurin sarkin fawa ya ce ya bar wa Alhaji wurinsa, Alhaji ya sallame shi da abin da zai kai shi gida. Layin da a da ba ka jin komai sai sara da ciniki ya koma gurnanin inji da ƙarar zarto. Baba ya sauko daga rabin sa zuwa cinya. Daga cinya ya koma karɓar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a hannun wani mahauci, mafi yawansa na gidan Alhaji ne, don direban bai taɓa fashi ba. Nakan biyo da yamma in same shi zaune a gefen firiza yana korar ƙuda daga naman da ya fara baƙi. Abin da ya kwana mu muke ci a gida, har na tsani ƙamshin nama. Ban taɓa ce masa “ai na faɗa” ba, amma ya san tana bakina.

Wata rana bayan magariba ya ce mini idonsa ya fara rauni, yana tsoron ya sare yatsa. Idonsa lafiya lau yake, yana karanta Alƙur'ani ba tabarau. Ya ce gida zai koma. Teburin a al'ada nawa ne, amma ni da shi mun san ba zai ciyar da ko mutum ɗaya ba, balle ni da matata da 'ya'ya. Ya ce ya riga ya yi magana da sarkin fawa da Alhaji. Za a sa firiza a wurin, ni zan tsaya a kanta, in huta da sanyin firigo.

“Ka ga wurin bai bar gida ba,” ya ce. “Alhaji ya yi muna kirki.”

Na tashi na fita tsakar gida, don idan na zauna zan faɗi abin da ɗa ba ya faɗa wa uba.

Ni na kai shi babbar tashar Adjamé da safe. Masu dako suna ta ihu, 'yan kamasho suna jan hannun mutane, ana ɗaure buhuna da katifu a kan motar Nijar. Kayan Baba bayan duk shekarun da ya yi a garin nan ba su wuce akwati da ƙullin tabarma da buta ba. Wuƙaƙensa ya naɗe su a tsumma ya ba ni, ko da yake ya san zarto zan riƙe. Alhaji ne ya saya masa tikiti, a kujerar gaba. Da mota ta fara motsi ya leƙo ta taga ya kira ni. Na matso da sauri, ina zaton wata wasiyya ce.

“Ka tahi ka yi ma Alhaji godiya. Kak ka manta. Ran Juma'a ka tahi.”

Teburin da kansa ba wanda ya so shi. Wata mai tuyar kifi ta sa aka faskara shi ta yi makamashi. Na tsaya a wurin, bayan farar firiza, ina yanka wutsiya da zarto ina aunawa. Tsofaffin abokan cinikin Baba suna zuwa, suna tambayar lafiyarsa, suna saye ba tare da kunya ba yanzu.

Juma'ar farko ban je ba. Ta biyu ma haka. Baba ya bugo waya daga ƙauye, bayan gaisuwa tambayarsa ta farko ita ce ko na je. A ta uku na haye gada. Na shirya a raina zan tsaya daga bakin ƙofa, in isar da saƙon Baba, in juyo. Alhaji yana hango ni ya ce a ba ɗansa ruwa ya wanke hannu. Akwai baƙi a zaune, duk suna kallona, kuma firizar da nake ci da ita tasa ce. Na zauna. Shinkafar ta yi daɗi, hakan ma ya ƙara mini haushi.

Na ce Baba ya isa lafiya, yana godiya ƙwarai. Alhaji ya gyaɗa kai yana tauna. Ya ciro wani guntun nama daga bakinsa, ya duba shi, ya ajiye a gefen faranti.

“Kai, ɗana, ubanka ya cuce ni,” ya ce. “Tun da ya aje wuƙa ban ci nama na kirki ba. Direba ya zagaye layinku duka, babu komi sai kartan. Kai da kake wurin kullum, ba ka san wani mahauci mai hannu ba?”